An Yi Sallama, Saura Me?

A ƙarshen 2019, boda na cikin wata na huɗu a rufe, ɗan yayata ya iso mini Katsina daga Bugaje da wata 'yar waya mai tocila, an ɗaure bayanta da roba don kada batir ya faɗo. Wayar ubangidansa ce, wani ɗan kasuwar hatsi mai sito a Jibiya, wanda yaron ya yi wa hidima shekara shida. Shi ke ƙirga buhuna, shi ke bin mota ta Magama a tsallaka Ɗan Isa har Maraɗi, shi ke amsa kira a wannan lambar da kowa ya sani da layin Alhaji. Da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan shekarar, ciniki ya tsaya cak. Alhaji ya cije har ya gaji, rannan ya tara yaransa, ya ba kowa kuɗin mota, ya ce kowa ya nemi abin yi sai Allah Ya kawo sauƙi. A cikin ruɗanin ba wanda ya tuna da wayar.

Ana nan sai wani mutumin Maraɗi ya kira, ya ce akwai cikon kuɗin geron Alhaji a hannunsa, ya sami mai tsallakowa da su, wa za a danƙa wa?

"Kawu," in ji yaron, "ni fa an sallame ni, babu sauran komai tsakanina da shi. Kuma ka san a gaban Baba ya yi alkawarin ba ni jari ranar sallama, ko sisi ban gani ba. In na karɓi kuɗin nan na riƙe, ai haƙƙina na ci."

Na ce, "Ka ce ba komai tsakaninku, ka kuma ce kana bin sa jari. Wanne zan kama?"

Ya yi shiru yana jujjuya wayar. Ya gane inda na dosa. In sallama ta wanke komai, ta wanke har da jarin. In kuwa jarin yana nan, to amanar da ke aljihunsa ma tana nan.

Saboda wannan shirun nake rubuto muku, ku ƙannena da 'ya'yana na Bugaje da Jibiya da kewaye, masu aiki a sito da gidan mai, a shagon POS da kemis, a makarantar kuɗi, da waɗanda suka samu shiga aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi. A yankinmu aiki kan ƙare ba da shawarar kowa ba. A Nuwamban 2019 kwastam suka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, masu zuba mai suka koma gida. Bodar Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa, sai Maris na 2024. Duk lokacin da aka ja sarƙar nan a Magama, akwai samarin da ke kwana da aiki su tashi babu. Wanda yake zaune a irin wannan wuri ya kamata ya san ilimin rabuwa kamar yadda ya san na neman aiki.

Abin da sallama ke yankewa guda ɗaya ne: gobe ba sai ka fito ba, shi ma ba sai ya biya ka kuɗin goben ba. Duk abin da ya riga ya hau wuyan wani kafin ranar, yana nan daram. Akwai kuma alkawuran da tun asali an ƙulla su ne don bayan rabuwa, irin su rufe sirri, da mayar da kaya, da jarin sallama. Waɗannan ranar barin aiki ce ma ranar da suke fara aiki.

Na fara da abin da kake bi, don na san shi ya fi ci maka tuwo a ƙwarya. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta yarda da yarjejeniyar baka kamar yadda ta yarda da ta takarda, saboda haka "ai ba mu rubuta ba" ba ya kuɓutar da ubangida, wahalar shaida kawai yake jawo maka. Ta kuma ƙayyade notis: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga mai shekara 5 zuwa sama, ko a biya kuɗin kwanakin a madadinsu. Albashin da ya rage dole a biya shi kafin wa'adin notis ya cika ko ranar cikarsa. Notis ɗin nan takobi ne mai kaifi biyu, kai ma in za ka tafi haka aka ɗora maka, ba ka sulale ranar kasuwa ka bar mutum da lodin mota ba. Wanda ake cire wa fansho a kamfani, dokar 2014 ta ce kashi 8 daga albashinsa, kashi 10 daga mai kamfani, kuma asusun nasa ne, yana bin sa duk inda ya koma. Abin da aka cire ba a zuba ba bashi ne ko da an shekara da rabuwa. Rigimar irin wannan, tun gyaran tsarin mulki na 2010, hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce.

Sai dai ga wani abu da ba a cika faɗa wa yaranmu ba. Dokar ƙwadagon ta cire iyalin mai aiki daga cikin waɗanda take kira ma'aikata. A kasuwanninmu kuwa sau tari yaron shago ƙane ne ko ɗan gida. Irin wannan, madogararsa alkawarin da aka yi da shaidun da suka ji, sai dattawa, sai alƙali. Wanda kuma ya yi aikinsa a Maraɗi, dokar Nijar ce ke kansa, kundin ƙwadagonsu na 2012, kuma can haƙƙinka ne a ba ka takardar shaidar aiki ranar tafiya. Kada kunya ta sa ka baro ta.

Yanzu abin da ake bin ka. Makullin sito, littafin bashi, na'urar POS, babur, rigar kamfani, katin shaida, layin waya. Yawancin samari suna mayar da makulli su riƙe layi, alhali a kasuwar yau layin ya fi makullin daraja, don a cikinsa abokan ciniki suke. Mutumin Maraɗin nan bai san an yi sallama ba. Da ya danƙa wa yaron kuɗin, shi dai ya biya da zuciya ɗaya, yaron ne zai zama ya karɓi dukiyar wani da rigar wakilcin da aka riga aka tuɓe masa. A ofishin 'yan sanda sunan wannan cin amana ko zamba, kuma ba wanda zai tsaya sauraron labarin jari sai an gama da wancan. Malaman fiƙihu sun daɗe suna muhawara kan mutumin da dukiyar wanda ya danne masa haƙƙi ta faɗo hannunsa, ko ya halatta ya ɗebi nasa, kuma inda suka fi tsanantawa shi ne in ta hanyar amana dukiyar ta zo. Ni a nawa ganin, ko ba fatawa, lissafi kaɗai ya isa: ka shiga maganar kana mai bin bashi, ka fito kana wanda ake tuhuma.

Kada ka manta da wanda ya tsaya maka. Ranar da gidan mai ko mai POS ya ɗauke ka, mahaifinka ko kawunka ya sa hannu a takardar garanto, wataƙila ko karanta ta bai yi ba. Giɓin da aka samu lokacin kana aiki yana iya bin sa har gida bayan ka tafi. Shi ya sa ranar barin aiki ake zama a yi ƙirga gaba da gaba, a rubuta cewa an karɓi kaya cif, a kuma sanar da dattijon cewa wuyansa ya fita.

Maganar da na fi so ku tsaya a kai ita ce ta baki.

Yaron kasuwa ya san abin da uwargidan Alhaji ba ta sani ba. Ya san ranar da ake dawowa da kuɗi, da motar da ake hawa, da buhun da ake cusa su a ciki. Ya san gidan da Alhaji ke kwana in dare ya yi masa, da makarantar da 'ya'yansa suke a Katsina, da wanda ya sayar da shanu jiya ya kawo ajiya. A wani gari wannan hira ce kawai. A ƙaramar hukumar Jibiya rai ne. Kun ga 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da tamu, kuma cikin dalilan akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Muna jin kalmar infoma sai mu hango wani mugu can daban. Sau da yawa kuwa labari ba da mugunta yake fita ba. Saurayi ne aka sallama, ransa a ɓace, yana zaune teburin mai shayi, ana zancen tsohon ubangidansa, sai ya ce, "Ku bar ni da Alhaji, na san shi ciki da bai, mutumin da duk Lahadi yake tashi da kaza." Ya huce haushinsa, ya shanye shayinsa, ya tafi. Bai san kunnen wa ke ƙarshen benci ba. Da Bahaushe ya ce baki shi ke yanka wuya, ya manta bai ƙara da cewa wani lokaci wuyan wani yake yankawa ba.

Ke ma da kika yi aiki a kemis ko ɗakin shan magani, kin san matar da ta sayi maganin kaza da mutumin da gwajinsa ya nuna kaza. Barin aiki bai mayar da wannan labarin gidan biki ba. Wadda ta yi wa ƙungiyar agaji rajistar 'yan gudun hijira, sunaye da lambobin da ke wayarta ba nata ba ne da za ta miƙa wa ɗan siyasa, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan. Wanda ya shiga kwastam ko imigireshan, dokar sirrin gwamnati ta 1962 ba ta ce sai mai kaki a jiki ba. Waɗannan ba sa buƙatar a rubuta su a takardar ɗaukar aiki kafin su hau kanka. Abin da sirri bai rufe ba shi ne laifi: in ka san ana cutar mutane, ko hukuma ta kira ka shaida, faɗin gaskiya a inda ya dace ba tonon asiri ba ne.

To, ina iyakar? Shin duk abin da ka koya a gidan mutum nasa ne? A'a, kuma a nan nake rabuwa da wasu iyayen gida. Iya gane geron bana da na bara da damƙa ɗaya, iya lissafin sefa da naira a ka, sanin yadda ake magana da jami'i a shinge, haƙurin ciniki da Bamaraɗe, duk wannan guminka ne, da shi za ka ci abinci. Akwai wata shari'a da aka yi a Ingila a tsakiyar shekarun 1980 wadda lauyoyinmu ke karantawa, ta kamfanin kaji na Faccenda da tsohon manajan cinikinsa, Fowler. Mutumin ya bar aiki, ya kafa irin sana'ar, yana yawo da kaji a motoci masu sanyi, yana bin unguwannin da ya saba, wasu tsoffin abokan aikinsa suka bi shi. Kamfani ya kai ƙara. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce tunda ba a rubuta wani sharaɗi ba, sanin hanya da masu saye da farashi da ya zauna masa a ka a cikin aikin yau da kullum ba za a hana shi amfani da shi ba bayan ya tafi. Abin da ke bin ma'aikaci shi ne asirin sana'a na haƙiƙa. Amma tun 1895 kotunan can suka kama wani manaja da ya kwafe sunayen masu saye daga littafin ubangidansa a ɓoye, yana shirin tafiya. Abin da ya zauna maka a ka daban, abin da ka ɗauki hotonsa da waya daren da za ka ajiye aiki daban.

A aikace ga yadda nake ganin ta. Ka sayi sabon layi. Duk wanda ya neme ka, ka fara gaya masa, "Na bar gidan Alhaji, yanzu gashin kaina nake ci." In ya zaɓi ya saya a wurinka bayan ya ji haka, kasuwa ce. Kada ka ce mudun Alhaji ba ya cika don ka janye shi, kada kuma ka yi amfani da sanin wanda Alhaji ke bi bashi ka ce masa ya gudo wurinka.

Wani ubangidan kan ce, "Ban yarda ka buɗe irin sana'ata a garin nan ba." Kamfanoni kuma sukan rubuta shi a takarda da ƙananan baƙaƙe. Asalin hukunci a kotunanmu shi ne sharaɗin da ke hana mutum neman abinci ba ya tsayawa, sai mai shi ya nuna akwai abin da yake karewa na gaske, kuma hanin bai wuce kima ba a tsawon lokaci, da faɗin wuri, da irin aikin. Kada wannan ya sa ka sa hannu kana dariya. A 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin Leventis Motors da wani manajansu na kayan gyaran mota mai suna Koumoulis, wanda ya amince cewa shekara 1 bayan barin aiki ba zai yi irin sana'ar ba a cikin mil 50 daga wuraren cinikin kamfanin, sannan ya koma wurin abokan gogayyarsu a Legas. Kotu ta ce sharaɗin ya kama shi. Mil 50 wajen kilomita 80 ke nan. Ka dasa tsinke a Jibiya ka zagaya, ka haɗiye Katsina da Maraɗi gaba ɗaya. Sai dai shi babban ma'aikaci ne da ke riƙe da cikin kamfani, ba mai ɗaukar buhu ba. Dokar gogayyar kasuwanci ta 2018 kuma ta sa wa irin wannan hani iyakar shekara 2. Saboda haka "har abada" magana ce ta fushi. Amma "wata shida, ba a layin nan ba" tana iya zama magana mai ƙafa, in ka yarda da ita tun farko, alkawari kaya ne.

Iyayenmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su san lauya ba, amma sun san wannan babin. Mutum kan tafi da dukiyar wani wata da watanni, ba abin da ke dawo da shi sai sunansa. Sallama a wurinsu ƙarin girma ce: yaro ya zama mai kansa, ya ci gaba da gaisuwar sallah, ubangida ya ci gaba da tsaya masa in yana neman kaya bashi. Ina son wannan al'ada, kuma har gobe a kasuwar Jibiya kalma ɗaya daga tsohon ubangidanka ta fi takardar shaida tafiya. Abin da ba na so shi ne yadda ake juya ta a toshe bakin yaro, in ya tambayi haƙƙinsa a ce ba shi da kunya, ya manta alheri. Wanda ya yi maka shekara shida yana shaƙar ƙurar gero ya biya kuɗin tuwon da ya ci. Tambayar jari cikin ladabi ba butulci ba ne.

Kuma duk wannan jan-in-ja rabinsa rashin rubutu ne. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'aninmu, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take, mu ne muke jin nauyin cewa a rubuta. Dokar ƙwadago ma ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce cikin wata 3 da farawa. In bakinka ya yi nauyi, ka tura babba. Ko da ajami ne a bayan kwali, a faɗi nawa, a faɗi yaushe, a faɗi abin da za a mayar da abin da aka hana, mutum biyu su sa hannu.

Mu dai ranar wata Lahadi muka tafi Jibiya, ni da yaron da mahaifinsa. Muka iske Alhaji a bakin sito kan buhun da aka ninke, ciki wayam, sai warin maganin ƙwari da tsuntsaye suna tsintar abin da ya zube a ƙasa. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa wayar da hannu biyu. "Alhaji, ga layinka. Mutumin Maraɗi yana neman wanda zai ba cikon kuɗinka, na ce ya dakata."

Alhaji ya karɓa, ya daɗe yana kallon robar da aka ɗaure ta da ita. Sai da aka kawo ruwa aka sha, sannan mahaifin yaron ya tayar da maganar jari.

"Malam, wallahi ban manta ba," in ji Alhaji. Ya nuna cikin sito da haɓa. "Ka ga dai."

Na ce mun gani, ba kuma yau muke nema ba, a dai sa wa abin suna. Bai ji daɗi ba, na ga haka a fuskarsa. Amma ya aika aka kira dattijon da ke sito na kusa, aka yage takarda daga tsohon littafin rasit, aka rubuta a bayanta: buhu ashirin na gero, in boda ta buɗe.

Bayan an buɗe a 2022 ya ba shi goma, da su yaron ya kama 'yar rumfarsa. Kafin a kai ga sauran aka sake jan sarƙa a Magama, daga nan tsadar hatsi ta mayar da buhu goma wani abu daban da abin da yake ranar da aka rubuta. Yaron yana zuwa gaishe shi duk sallah. Takardar tana wurin yayata a Bugaje, a ƙasan adaka, cikin leda ɗaya da katin zaɓenta.